Stoke ta Tsakiya: yadda garin tangaran ya juya wa jam'iyyar Leba baya

Wane irin gari ne Stoke-on-Trent?

Birni ne a yankin tsakiyar Ingila, wanda aka haɗe garuruwa shida aka kafa shi a 1910. A da, abincin mutanensa a yumɓu yake: faranti, kofin shayi, tayil. Josiah Wedgwood ya buɗe masana'antarsa a nan tun 1769. Har yau mai wucewa zai ga tsofaffin tanderun bulo, masu faɗin gindi da siririn wuya kamar kwalba, suna tsaye babu hayaƙi. A da kuma akwai ramukan kwal da masana'antar ƙarfe ta Shelton Bar.

Me ya ɗaure su da Leba haka?

Tun da aka ƙirƙiro mazaɓar Stoke ta Tsakiya ta majalisar dokokin Birtaniya a 1950, Leba ce ke cin kujerar har zuwa 2019. Ba wai farin jinin 'yan takara ba ne. Uba na ramin kwal, uwa na zana fure a jikin faranti, kowa na biyan kuɗin ƙungiyar ƙwadago, ita kuma ƙungiyar ita ce ƙashin bayan jam'iyyar. Zaɓen Leba gado ne, kamar sana'ar gida.

To ina aka samu ɓaraka?

Aikin ne ya tafi. Ramukan kwal suka rufe, Shelton Bar ta bi su a 2000, manyan kamfanonin tangaran suka kwashe ayyuka da yawa zuwa Asiya, inda ƙwadago ke da araha. Yanzu cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a birnin har da bet365, kamfanin caca ta intanet. Daga gasa faranti zuwa caca, abin da mamaki.

Ba ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ba ce ta jawo?

Haka aka fi faɗa, amma a ganina an fara lissafin daga tsakiya. Gaskiya ne kusan kashi 69 cikin 100 na masu ƙuri'a a birnin sun zaɓi ficewa a ƙuri'ar raba-gardama ta 2016. Sai dai kafin nan, a zaɓen 2015, waɗanda suka fita jefa ƙuri'a a mazaɓar ba su kai rabi ba, mafi ƙaranci a duk Birtaniya. Jama'a sun fara zaman gida ne kafin su sauya sheƙa. Tun 2008 ma jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi ta riga ta tara kansiloli a majalisar birnin.

Yaya kujerar ta suɓuce?

Sannu a hankali. Tristram Hunt, masanin tarihi da ke riƙe da ita tun 2010, ya ajiye a 2017 ya tafi shugabancin gidan tarihi na V&A a Landan. A zaɓen cike gurbi Gareth Snell na Leba ya kayar da Paul Nuttall, shugaban jam'iyyar UKIP mai fafutukar ficewa daga Tarayyar Turai, Leba ta yi ajiyar zuciya. Ashe da sauran rina a kaba. A 2019 Jo Gideon ta jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta ƙwace kujerar da ratar ƙuri'a 670 kacal.

Yanzu a hannun wa take?

Snell ya dawo a 2024, Leba ta lashe kujerun Stoke guda uku. Amma wadda ta zo ta biyu a Stoke ta Tsakiya ba jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ba ce. Reform UK ce, jam'iyyar Nigel Farage, tsohon shugaban UKIP.