Tambayoyin da iyaye ke ta maimaita mini kan ciwon ƙin cin abinci

Da gaske akwai wannan ciwo a Kano? Ba na Turawa ba ne?

Akwai shi. Makara ake yi wajen kawo su asibiti.

Ba tsirfa ba ce kawai?

A'a. Ciwo ne da ya shafi ƙwaƙwalwa. Mai ƙuntata wa kanta ci, likitoci kan ce anoreksiya. Mai ci da yawa ta koma ta ƙaƙalo amai, bulimiya. Maza ma suna yi, kuma yana kisa.

Mu sayo wa 'yarmu sha-ka-fashe?

Haba Hajiya! Irin waɗannan haɗe-haɗen akan samu wani magani mai ƙarfi, deksametason, a ciki. Kumburi zai sa ta, ga hawan jini, ga ciwon suga, ciwon kuma yana nan.

To, mu ɗura mata tuwo?

Kul! Wadda ta daɗe da yunwa, in aka cika mata ciki lokaci guda, sinadaran fosfet da fotasiyam na jininta kan faɗi, zuciya na iya tsayawa. Da kaɗan-kaɗan ake farawa, likita na duba jini.

Ta fara samun sauƙi. Za ta iya azumin Ramadan?

Nan fa sai a hankali, don ba amsa ɗaya ba ce ga kowa. In har yanzu a rame take, ko al'adarta ba ta dawo ba, ko tana jiri, ni dai ba na goyon baya. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ta rama daga baya. Mai bulimiya ma akwai haɗari: a wuni da yunwa, a zo buɗa-baki ga ƙosai ga kunun tsamiya, ta ci ya wuce kima, ta zagaya ta amayar. In kuwa ta daɗe da daidaita, tana cin sau uku ba da faɗa ba, wataƙila likitanta ya yarda ta gwada, da sharaɗin ba ta tsallake sahur, kuma ta ajiye da zarar tunanin ramewa ya dawo. Ku haɗa likita da malami, ku gaya wa malam ainihin ciwon, kada ku ce masa "ba ta son abinci ne". Azumin Litinin da Alhamis kuma ku sa ido, wasu a bayansa suke ɓuya, gida na ta yabo.

Ina za mu kai ta?

Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Kada sunan ya tsorata ku, 'yarku ba mahaukaciya ba ce. Za a fara duba tarin fuka da suga tukuna, don su ma suna sa rama. Addu'a ku ci gaba da ita, amma ku zo.

Za ta warke kuwa?

Da yardar Allah, da yawa sun warke. Yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma yakan so dawowa. Ku zauna ku ci tare da ita a faranti ɗaya. Don Allah ku ja wa gwaggonni kunne, su daina tarbarta da "masha Allah, kin yi ƙiba". Wannan kalma kaɗai na iya hana ta cin abincin dare.