Neman gurbin karatun malantar yara masu buƙata ta musamman: tambayoyin da ake yawan yi

Wai me ya raba wannan kos ɗin da digirin malanta da muka saba?

Duk malanta ce, amma nan ana horar da kai ne ka koyar da yaron da tsarin aji na yau da kullum bai ɗauke shi ba: makaho, kurma, mai otizim (larurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da sadarwa da mutane), mai matsalar karatu irin ta disleksiya wanda zai ta juya "b" ta koma "d" alhali kaifin basirarsa lafiya lau. Tun taron Salamanka na ƙasar Sifen da UNESCO ta shirya a 1994 ake matsa wa ƙasashe su riƙa koyar da irin waɗannan yara tare da sauran yara a aji ɗaya, sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006 ta ƙara jaddada hakan a sashe na 24. Shi ya sa ake neman malamin da ya karanci abin musamman.

Na riga na samu admishan a jami'a, ba shi kenan na shiga ba?

A'a fa, nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. A wasu ƙasashen, musamman Amurka, shiga jami'a daban, shiga shirin samun satifiket ɗin malanta daban. Sai ka yi shekara ɗaya ko biyu kana kwasa-kwasan share fage, sannan ka cike wani fom na daban a tsangayar ilimi, kuma yana da ranar rufewarsa, wadda in ta wuce ka sai dai zango na gaba. A wasu wuraren kuma tun farko kake zaɓar kos ɗin. Don haka ka je ofishin sashen ka tambaya tun kana shekarar farko, kar ka dogara da abin da wani ɗan ajinku ya ce ya ji.

Me ake buƙata a cikin fom ɗin?

Sakamakon karatunka, wasiƙun shaida daga lakcarorin da suka san ka, binciken ko kana da tarihin laifi (tunda yara za a damƙa maka), shaidar ka taɓa zama a aji kana kallon yadda ake koyarwa, da ɗan rubutu kan dalilin da ya sa kake son aikin. A Amurka galibi ana sa iyakar maki, sau da yawa tsakanin 2.5 zuwa 3.0 cikin 4.0, wasu jihohin kuma su haɗa da jarrabawar Praxis, wato jarrabawar tantance masu son zama malamai.

To shi wannan rubutun "me ya sa nake son wannan aiki" fa, me zan rubuta?

Yawwa, nan ne wajen da ya kamata ka zauna ka ɓata lokaci. Kusan kowa zai rubuta "ina tausayin waɗannan bayin Allah", kuma gaskiya ni a ganina wannan jimlar ta fi cutar da kai fiye da ta taimake ka, don masu tantancewa ba mai tausayi suke nema ba, malami suke nema, kuma su kansu masu naƙasar da yawansu sun gaji da a riƙa kallonsu a matsayin abin tausayi. Ka ba su abu guda da idonka ya gani. Misali ka ce a ajin da ka je sa kai akwai yaron da duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunnuwansa ya shige ƙarƙashin tebur, kowa na cewa taurin kai ne, sai malamar ta fara nuna masa wani kati minti biyu kafin a kaɗa, ya san abin na zuwa, ya daina ɓuya. Ka faɗi abin da ka fahimta daga nan, har da inda kai ka yi kuskure da farko. Amma kar ka sa sunan yaron ko makarantar, don sa sunan kaɗai zai nuna ba ka iya riƙe sirrin yara ba.

In kuwa ba ka taɓa zama da irin yaran nan ba, to ka dakata da fom ɗin ka nemi inda za ka yi sa kai ko na 'yan makonni ne, don ƙarya a wannan rubutun ba ta tsallake tambaya ta biyu a intabiyu.

Dole sai na iya maganar hannu ko rubutun makafi kafin in nema?

Yawanci ba dole ba ne, a ciki ake koya, kuma ya danganta da ɓangaren da ka ɗauka. Rubutun makafi, wato Braille, ɗigo 6 ne kacal ake sarrafawa, gane haruffan ba ya ɗaukar lokaci, saurin karantawa ne aiki. Maganar hannu kuma yare ce cikakkiya kuma ba iri ɗaya ba ce a duniya, ta Amurka daban ta Ingila daban duk da turanci ɗaya suke yi, to ka koyi wadda kuramen wajenka suke amfani da ita.

A intabiyu me suke tambaya?

Sun fi son "yaya za ka yi idan...". Yaro ya ƙi zama, ko uba ya ce ɗansa lafiyarsa ƙalau kar a sa shi wani shiri. Ba amsar littafi ake jira ba, ana duba ko za ka natsu, ko za ka nemi shawarar iyaye da sauran ma'aikata. In a Amurka ne, ka san mene ne IEP, wato rubutaccen tsarin karatu na kowane yaro shi kaɗai, wanda dokar ilimin yara masu naƙasa ta ƙasar, wato IDEA, ta wajabta, dokar da asalinta ya faro a 1975.

In na gama digirin, satifiket ya zo kenan?

Ba kai tsaye ba. Akwai koyarwar gwaji a makaranta ƙarƙashin gogaggen malami, sau da yawa zango guda cur, sannan hukumar da ke ba malamai lasisi ita ke da ta cewa, ba jami'a ba. Kafin ka biya ko sisi ka tabbatar wannan hukumar ta amince da shirin, in ba haka ba sai ka ƙare da digiri a hannu babu izinin shiga aji.

Idan ba su ɗauke ni ba fa?

Ka je ka tambayi dalili, yawanci za su faɗa maka. In maki ne ka maimaita kos ɗin da ya ja ka ƙasa, in awannin zama a aji ne suka gaza ka cike su, ka sake nema a zango mai zuwa.