Cizon neman kulawa a wajen karen gida

Cizon neman kulawa ɗabi'a ce da kare, musamman kwikwiyo ko matashin kare, yake kama hannun mutum ko ƙafarsa ko gefen tufarsa da haƙora ba tare da ya danna da ƙarfi ba, domin mutumin ya waiwayo, ya yi masa magana, ko ya tsaya ya yi wasa da shi. Masana halayyar dabbobi ba sa lissafa shi cikin cizon faɗa, tun da yake karen ba korar mutum yake nufi ba, so yake a matso kusa da shi. Duk da haka ba abin rainawa ba ne, domin kwikwiyon da aka bari ya girma da wannan hali yakan zama katon kare mai kayar da yaro ko yaga zanen baƙuwa, kuma a ƙasa irin Gana, inda cutar haukan kare take nan har yanzu, ko ɗan ƙarce daga haƙorin kare magana ce ta asibiti.

Asalin ɗabi'ar

Kare da baki yake taɓa abu ya san shi. Kwikwiyo yakan fara fitar da haƙora yana da mako 3, zuwa mako 6 ko 8 ya cika haƙoransa na farko guda 28, ƙanana masu tsini. Daga wata 3 zuwa 4 sai ya fara famfara, kuma kafin ya wuce wata 6 ko 7 haƙoran girma guda 42 sun maye gurbinsu. A tsakanin nan dasashinsa yana masa ƙaiƙayi, duk abin da ya samu tauna shi yake, ko takalmi, ko ƙafar kujera, ko yatsan mai ba shi abinci.

Sassauta cizo kuwa a wajen 'yan'uwansa yake fara koyonsa. Idan kwikwiyo ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi a cikin wasa, wanda aka ciza yakan yi ƙara ya janye, wasan ya tsaya, daga nan mai cizon ya gane cewa dannawa da ƙarfi tana ɓata masa wasa. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka shafe shekaru suna yi a jihar Maine ta Amurka, wanda suka wallafa a 1965, ya nuna cewa daga mako 3 zuwa 12 ne kwikwiyo ya fi saurin koyon zama da 'yan'uwansa da kuma mutane. Shi ya sa likitocin dabbobi suke hana raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Wanda aka sayar yana ɗan mako 4 ko 5, kamar yadda wasu masu kiwon karnuka suke yi don gudun kuɗin ciyarwa, yakan zo sabon gida bai samu wannan karatu ba, sai nauyin koyar da shi ya koma kan mutanen gidan.

Nau'in kare ma yana da nasa tasiri. Karnukan da aka samar domin taya makiyaya kiwo sun gaji kama diddigen abin da ke gudu a gabansu, saboda haka yaro mai gudu yana ihu ya fi kowa jan hankalinsu.

Yadda ake rarrabe shi da cizon faɗa

Kare mai neman kulawa jikinsa a sake yake, yana tsalle, yana kaɗa wutsiya har da ƙugu, wani lokaci ya kwantar da ƙafafunsa na gaba ya ɗaga bayansa, wanda a wajen karnuka gayyata ce ta wasa. Lokacin da cizon yake zuwa shi ma alama ne: idan mai gida ya duƙufa kan waya, ko uwargida tana wanki ta ba shi baya, ko an tsaya ana gaisawa da baƙo an manta da shi. Yakan kama ya saki, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi fuskar mutum ya ga abin da zai biyo baya.

Karen da tsoro ko fushi ya kama kuwa jikinsa yakan sandare, ya kwantar da kunnuwa baya, ya ɗage leɓe fiƙoƙinsa su bayyana, ya yi gurnani daga ƙasan maƙogwaro, sau da yawa a kan kwanon abinci ko ƙashi, ko a lokacin da aka rutsa shi a lungu. Wannan matsala ce dabam, kuma dabarun da za a bayyana a ƙasa ba su isa maganinta ba. Ian Dunbar, likitan dabbobi ɗan asalin Ingila, ya tsara ma'auni mai matakai 6 na tsananin cizo, inda mataki na 1 shi ne kai hari ba tare da haƙori ya taɓa fata ba, na 2 kuma haƙori ya taɓa fata amma bai huda ba. Cizon neman kulawa galibi a mataki na 2 yake tsayawa. Idan ya fara huda fata a kai a kai, to lamarin ya wuce wannan babi.

Abin da ke sa ɗabi'ar ta kafu

Tun a 1898 masanin halayya Edward Thorndike ya nuna, ta gwajin da ya yi da kyanwoyi, cewa dabba tana maimaita aikin da ya jawo mata abin da take so, daga baya kuma B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan ilimi. Abin da yake da wuyar karɓa ga masu karnuka da yawa shi ne cewa tsawa ma lada ce. Karen da ya wuni babu wanda ya dube shi, idan ya kama bakin riga aka juyo aka ce masa "kai, bari!", aka ture shi da hannu, to ya samu abu uku a lokaci guda: an dube shi, an yi masa magana, an taɓa shi. Turewar ma a wajensa farkon kokawa ce, shi ya sa yake dawowa da ƙarin ƙarfi.

Akwai kuma abin da Skinner da Charles Ferster suka bayyana a 1957, cewa aikin da ake sakawa a kansa jifa-jifa ya fi wuyar bari a kan wanda ake sakawa a kansa kullum. Misalinsa yaron da yake kuka don a ba shi alewa: idan an hana shi sau huɗu aka ba shi a na biyar, abin da ya koya shi ne ya daure ya ci gaba da kukan. Gidan da mutum uku suke ƙyale kare idan ya ciza, na huɗu kuma yana dariya yana ba shi hannu, bai sani ba yana horar da kare mai naci.

Yanayin zangunan Kumasi

A unguwanni kamar Aboabo da Asawase da Sabon Zango, wanda ya ajiye kare galibi don gadi ya ajiye shi, ba don ya shiga ɗaki ba. Wannan ya dace da abin da aka sani a addini, inda hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da yawa kuma suka haɗa da gadin gida idan akwai bukata. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi yaɗuwa a zango, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7, a wajen Shafi'iyya kuwa yawunsa najasa ce mai nauyi. Ko ma wace fahimta mutum yake bi, babu wanda yake son kare ya kama masa riga yana hanyar masallaci, don haka wannan ɗan cizo yakan haddasa saɓani tsakanin maƙwabta fiye da girmansa.

Tsarin zaman ma yana ƙara wa lamarin wuya. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda iyalai da dama suke girki da wanki a wuri guda, ana ɗaure kare da sarƙa ko a kulle shi a keji tun asuba, ba a sakinsa sai bayan sallar isha. Karen da ya yi sa'o'i masu yawa a ɗaure yana kallon mutane suna wucewa ta gabansa, da zarar an kwance shi sai ya afka wa wanda ya kwance shi da tsalle da cizon murna, mutanen gida kuma su ɗauka mugunta ce ta fara fitowa, su ƙara tsawon ɗaurin. Haka abin yake ta juyawa. Ga kuma manyan karnukan waje da ake saya saboda tsoron ɓarayi, kamar Boerboel na Afirka ta Kudu da Rottweiler na Jamus, waɗanda abin da ake yi wa dariya suna 'yan wata 3 ba ya zama abin dariya idan suka kai kilo 50. Wasu masu gida ma da gangan suke zuga kwikwiyo ya ciji hannu, wai don ya yi zafi. Wannan kuskure ne babba, domin karen da bai san bambancin wasa da hari ba ya fi zama haɗari ga 'ya'yan gidan a kan ɓarawon da wataƙila ba zai taɓa zuwa ba.

Hanyoyin gyara

Ginshiƙin gyaran shi ne cizo ya daina biya wa kare bukata. Da zarar haƙori ya taɓa fata ko tufa, mutum ya tsaya cak, ya naɗe hannuwansa a ƙirji, ya kau da kai, kada ya ce uffan. Fizge hannu da sauri yana ƙara tunzura kare, gara a saki hannun ya yi laushi har ya sake shi da kansa. Idan bai daina ba, sai mutum ya shige ɗaki ya ja ƙofa na sakan 20 zuwa 30, ya fito ya ci gaba da harkarsa. Wasu masu horarwa suna ba da shawarar a yi ƙara irin ta kwikwiyon da aka ciza, amma karnuka da yawa ƙarar tana ƙara musu kuzari ne, saboda haka idan an gwada ba a ga ya janye ba, shiru ya fi. Ya kamata a san cewa a kwanakin farko cizon yakan ƙaru kafin ya ragu, domin karen yana gwada ko ƙarin ƙarfi zai dawo masa da abin da ya saba samu. A daidai wannan gaɓa ne mutane da yawa suke karaya su koma tsawa, alhali alama ce ta cewa dabarar ta fara aiki.

Ƙyalewa kaɗai ba ta wadatarwa, domin bukatar karen tana nan. Dole a koya masa wata hanyar roƙo, kuma mafi sauƙi ita ce zama. Ana riƙe ɗan guntun nama ko busasshen kifi a saman hancinsa a ja baya kaɗan, idan ya zauna a ce "zauna" a ba shi nan take. Bayan ya iya, duk abin da yake so, abinci ne ko kwance sarƙa ko shafa kai, sai ya zauna tukuna. Abin da aka fi mantawa shi ne yaba wa kare a lokacin da yake kwance lafiya bai dami kowa ba. Idan ba a kula shi sai lokacin da ya ciza, zai ci gaba da cizo.

Bakin kuma yana bukatar abin taunawa. Igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla, ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka sa a firji ya yi sanyi don mai famfara, ko abin wasan roba mai ƙwari, duk suna aiki, kuma a miƙa masa tun kafin ya kai ga hannu. Ba a ba shi tsohon silifas, domin ba zai bambanta shi da na baƙo da ke ƙofar ɗaki ba, ba a kuma ba shi dafaffen ƙashin kaza saboda yana tsagewa ya soki hanji. Fita da shi yawo da sanyin safiya ko bayan la'asar yana rage cizon sosai. A wajen ƙaramin kwikwiyo kuwa, wanda yake bukatar barcin sa'a 18 zuwa 20 a rana, yawan cizo da yamma sau da yawa gajiya ce, maganinsa a kai shi makwancinsa.

A gidan haya aikin ba ya yiwuwa sai an zauna da kowa, har da yara da 'yan aike masu shigowa. A koya wa yaro cewa idan kare ya nufo shi ya tsaya wuri ɗaya ya naɗe hannu, kada ya gudu, kuma ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da kare komai sabonsu.

Duka da danne kare

Akwai tsohon ra'ayi cewa kare mai cizo shugabanci yake nema, sai an kayar da shi an danne ko an matse masa baki. Ra'ayin ya samo asali daga nazarin kyarketai da aka tsare wuri ɗaya, irin wanda Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947, amma David Mech ya nuna a 1999 cewa garken kyarketai a daji iyali ne na iyaye da 'ya'yansu. A wani bincike da Meghan Herron da abokan aikinta suka wallafa a 2009 daga Jami'ar Pennsylvania, kashi 43 cikin 100 na karnukan da aka doka ko aka shura sun mayar da martani da faɗa, haka ma kashi 31 na waɗanda aka kayar aka danne. Duka yana iya tsayar da cizon na ɗan lokaci, amma yana koya wa kare tsoron hannun mutum, kuma karen da yake tsoron hannu shi ne yake cizo na gaske.

Cutar haukan kare

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kimanin kashi 40 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga karnuka ake kamuwa. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. A ƙa'idar hukumar, ko tsakurar fata da haƙori ko ƙarcen da bai fitar da jini ba ana ɗaukarsa a matsayin haɗuwa da cutar idan ana shakkar dabbar. Abin da ake yi shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar domin ma'aikatan lafiya su duba ko ana bukatar allura, a kuma killace karen a sa masa ido na kwana 10.

Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana da wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, a ajiye katin a wurin da za a iya nuna shi ga maƙwabcin da aka ciji ɗansa. A Gana sashen kula da lafiyar dabbobi na Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona ne ke da alhakin wannan aiki, ana kuma ƙara wayar da kai a ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya. A Kumasi akwai makarantar koyon likitancin dabbobi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah. Babban karen da bai saba cizo ba ya fara farat ɗaya, ko wanda yake dalalar da yawu, ko muryarsa ta canja, ko yake cizon duk abin da ya gani, ba a gwada masa dabarun horo. A kulle shi ba tare da an taɓa shi ba, a kira likitan dabbobi, domin dalilin yana iya zama ciwon kunne ko na haƙori ko na gaɓoɓi, yana kuma iya zama farkon hauka.