Waiwaye: Jakin da ke kai wa bakteriya tubali

Ampiclox ɗin nan da ake saye a kemis a Fagge ko Kurna, aikinsa hana gini ne. Yawancin bakteriya kewaye suke da katanga, kamar yadda badala ta taɓa kewaye birnin Kano. Idan gini ya tsaya, katangar ta yi rauni, ruwa ya kwararo ciki, sai ƙwayar ta kumbura ta fashe.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, a cikin gida, wato cikin ƙwayar bakteriyar, ake buga tubalin, ginin kuma a waje yake. Tsakaninsu akwai wata siririyar fata ta maiƙo, tubalin kuwa na sukari ne da amino asid, ba ya ratsa maiƙo. To wa ke fitar da shi?

Alexander Fleming ya gano fenisilin, wadda Ampiclox danginta ne, a 1928 ba tare da ya san inda take bugu ba. A 1952 James Park ya bayyana wasu sinadarai da ke taruwa jingim a cikin ƙwayar da aka zuba wa maganin, ashe tubalin ne da ba a kai wurin gini ba. A shekarun 1960 ɗakin binciken Jack Strominger a Amurka ya gano mai dakon: wani dogon maiƙo mai ƙwayoyin zarra 55 na sinadarin kabon. Ni dai jaki nake ce masa, irin mai mangala da ke kai ƙasa wurin magina. Jakunan ba su da yawa, dole kowanne ya sauke ya komo a sake ɗora masa. Nan maganin bacitracin yake tare hanya, ya riƙe jakin bayan ya sauke kaya.

Kan ƙofar fita aka fi kai ruwa rana. A 2008 Natividad Ruiz ta ce furotin MurJ ne ke juya jakin da kayansa zuwa waje. A 2011 masana a birnin Utrecht na ƙasar Holan suka ce a'a, FtsW ne. Gwajin 2014 a kan bakteriyar E. coli ya ba MurJ gaskiya, daga baya kuma aka gane FtsW magini ne, shi ke jera tubalin. Ƙofar komowa kuwa sai a ƙarshen 2022 aka gano ta, a furotin UptA da PopT.

Har yau babu maganin toshe MurJ a kantar kowane kemis. Amma a 2017 an samu wani ƙanƙanin bairos mai cin bakteriya da ke rufe wannan ƙofa ta MurJ da furotin ɗaya tak, ya fasa ƙwayar ya fice abinsa.