Kasuwanci da zuba jari a Legas bayan yaƙin basasa (1970 zuwa 1982)

Wannan zango ne na tarihin tattalin arzikin Najeriya da ya fara daga ƙarshen yaƙin basasa, a watan Janairu na 1970, ya ƙare da faɗuwar farashin ɗanyen mai a farkon shekarun 1980. A tsawon wannan lokaci Legas, wadda tsofaffin fatake ke kira Ikko, ita ce fadar gwamnatin tarayya, ita ce babbar tashar jiragen ruwa, kuma a nan manyan bankuna da kamfanonin Turawa suke da hedikwata. Kuɗin mai a hannun gwamnati suke sauka, saboda haka akasarin ƙofofin arziki na wancan zamani ta ofisoshin gwamnati suka buɗe: kwangila, lasin shigo da kaya, da hannun jarin kamfanonin da doka ta tilasta wa baƙi su sayar.

Halin da yaƙi ya bari

Ranar 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas. Gwamnati ta shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ta kuma ɗaura aniyar sulhu, farfaɗowa da sake gini. Birnin kansa bai sha ɓarnar da Gabas ta sha ba. Abin da ya sha shi ne tsuke bakin aljihu: Obafemi Awolowo, kwamishinan kuɗi na lokacin, ya taƙaita shigo da kaya da fitar da kuɗin waje, har aka gama yaƙin ba tare da an ciwo wani babban bashi daga ƙetare ba. Da aka sassauta, sai ga kasuwa mai yunwar komai, tun daga kwanon rufi har zuwa kayan gyaran mota.

'Yan kabilar Ibo sun dawo kasuwa hannu rabbana. Wanda ya yi hulɗa da asusunsa da kuɗin Biyafara, fam 20 kacal aka ba shi, komai yawan abin da ya ajiye. A Legas da yawansu sun karɓi gidajensu, saɓanin Fatakwal inda rigimar kadarorin da aka ce an yi watsi da su ta daɗe tana ci.

Kuɗin mai

An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, amma sai bayan yaƙi ya zama uwa ma ba da mama. A 1970 ana haƙo kimanin ganga miliyan ɗaya a kullum. Zuwa 1974 an haura miliyan biyu. Najeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, ta kafa kamfanin mai na ƙasa a wannan shekara, wanda ya rikiɗe ya zama NNPC a 1977. Yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoba 1973 ya ɗaga farashin ganga daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12 cikin 'yan watanni. Gwamnati kuma ta ƙara kasonta a kamfanonin haƙo mai zuwa kashi 55 cikin 100 a 1974. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, an fara tsara shi a kan naira biliyan 30, adadin da ya ninka na shirin da ya gabace shi sau da yawa. Ana yawan jingina wa Gowon maganar cewa matsalar ƙasar ba ta kuɗi ba ce, ta yadda za a kashe su ce.

Kuɗin ma kansu sun sake kama. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya a naira biyu, sule goma a naira ɗaya. Bakin 'yan kasuwa bai bi doka nan take ba. Shekaru bayan haka dillalin shanu a Agege yana sallamawa ne a fam, kuma idan ya ce jaka ɗaya, fam 100 yake nufi, wato naira 200. A tsakiyar shekarun 1970 naira ta fi dala daraja, abin da ya sa kayan waje suka yi araha ƙwarai, noma da ƙere-ƙeren gida kuwa suka rasa kasuwa.

Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa

Kafin 1972 cinikin sari da manyan kantuna a Legas na hannun kamfanonin Turawa irin su UAC, John Holt, PZ, CFAO, SCOA, UTC da Leventis, sai kuma Kwarori da Indiyawa a matakin da ke ƙasa da su. Dokar soja ta 1972 ta kasa sana'o'i gida biyu. Rukunin farko, sana'o'i 22, an keɓe wa 'yan Najeriya zalla. A ciki akwai cinikin ɗai-ɗai, gidajen burodi, gidajen siliman, buga bulo, jigilar kaya a mota da tallace-tallace. Rukuni na biyu, sana'o'i 33, baƙo na iya ci gaba da su idan kamfaninsa ya kai wani girma, da sharaɗin ya sayar wa 'yan ƙasa kashi 40 cikin 100. An ba da wa'adi zuwa ƙarshen Maris 1974. Domin a samu kuɗin saye, gwamnati ta kafa bankin kasuwanci da masana'antu a 1973, ta kuma sayi kaso a manyan bankuna uku, Barclays, Standard da UBA, kason da ta ɗaga zuwa kashi 60 a 1976.

A takarda abin ya yi kyau. A aikace, wanda ya san manajan banki shi ya samu rance, wanda ya samu rance shi ya sayi hannun jari, sau da yawa a farashin da bai kai darajar kamfanin ba. Manyan ma'aikatan gwamnati, lauyoyi, akantoci da dillalan da suka daɗe suna sari a hannun kamfanonin su ne suka fi kwasa. Wasu baƙin kuma suka samo daraktoci na jeka-na-yi-ka: suna na ɗan ƙasa ne a rajista, ana ba shi mota da ofis da alawus, amma makulli da littafin lissafi suna hannun mai kamfani na asali. Kwamitin binciken da gwamnatin Murtala ta naɗa a 1975 ya gano cewa wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kamfanonin da dokar ta shafa suka cika ta sosai.

Daga nan aka yi doka ta biyu a 1977, mai rukuni uku: na 'yan ƙasa zalla, na kashi 60, da na kashi 40. Wannan karon an tura manyan kamfanoni su sayar ta kasuwar hannun jari, an kayyade abin da mutum ɗaya zai iya saya, an kuma ware wani kaso ga ma'aikatan kamfanin. Kasuwar hannun jari ta Legas, wadda ta fara ciniki a 1961, ta koma ta ƙasa baki ɗaya a 1977, daga baya aka buɗe mata rassa a Kaduna da Fatakwal. A 1979 Barclays ya zama Union Bank, Standard ya zama First Bank, gwamnatin Obasanjo kuma ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na Birtaniya, BP, saboda batun Afirka ta Kudu da Rodeshiya; gidajen mansa su ne suka koma AP.

Ana saɓani a kan wanda ya ci moriyar dokokin. Marubutan Gabas na cewa an yi rabon ne lokacin da Ibo ba su da ko sisi. 'Yan Arewa na cewa nisa da Legas, ƙarancin ilimin boko da ƙyamar bashin ruwa sun bar ɗaiɗaikunsu a baya, sai abin da gwamnatocin jihohi da kamfanin zuba jari na jihohin Arewa, wato NNDC na Kaduna, suka saya a madadinsu. Wasu masana kuma na ganin rabon ya bi aji ne fiye da kabila.

Udoji da jiragen siminti

A 1974 hukumar Jerome Udoji ta ba da shawarar ƙarin albashi, gwamnati ta biya har da ariyas na watanni a farkon 1975. Ma'aikata suka yi tururuwa zuwa kantunan Kingsway da Leventis, ana ɗaukar rediyo, firji, babur da talabijin. Kamfanoni masu zaman kansu suka bi sahu bayan yaje-yajen aiki, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a wannan shekara. Sunan Udoji ya zauna a bakin mutane da ma'anar kuɗin da suka faɗo bagatatan.

Abin da ya fi fito da halin zamanin fili shi ne siminti. Masana'antar Nkalagu ta lalace a yaƙi, ta Ewekoro da ta Sakkwato ba su isa ba, ga barikokin soja da za a gina wa rundunar da ta kai wajen mutum 250,000. Ma'aikatun gwamnati suka yi odar kimanin tan miliyan 20, wajen miliyan 16 daga ma'aikatar tsaro kaɗai, alhali tashar Apapa ba ta iya sauke fiye da wajen tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Zuwa tsakiyar 1975 jirage sama da 400 ne ke jibge a bakin teku suna jiran layi. Da dare fitilunsu kan yi kamar wani gari ne ya tsiro a kan ruwa. Kwangilolin sun tanadi kuɗin jira na kowace rana, don haka wasu masu jirage suka turo tsofaffin kwarababbun jirage musamman domin su yi zaman cin wannan kuɗi. Siminti mai yawa ya sha raɓa ya daskare a cikin jirgi, magani da abinci da injinan masana'antu suka maƙale a bayansa. Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli 1975 gwamnatin Murtala ta soke odoji, ta hana biyan wasu takardun banki, abin da ya jawo wa Babban Bankin Najeriya ƙararraki a kotunan Ingila, Jamus da Amurka. Tashar Tin Can, wadda kamfanin Julius Berger ya gina cikin gaggawa aka buɗe a 1977, daga wannan cunkoso ta samo asali.

Gine-gine da masana'antu

An gama gadar Eko a 1975, babban ɗakin wasanni na Iganmu a 1976, rukunin gidajen Festac da filin baje kolin hanyar Badagry a 1977, babbar hanyar Legas zuwa Ibadan a 1978, sabon filin jirgin sama na Murtala Muhammed a 1979. Manyan ayyukan kamfanonin ƙetare suka yi su. 'Yan kwangilar gida suka samu yashi, tsakuwa, jigila da ƙananan gine-gine. Kamfanin haɗa motocin Volkswagen ya fara aiki a Ojo a 1975, shekarar da na Peugeot ya fara a Kaduna. Su da yawancin masana'antun Ikeja, Apapa da Ilupeju da sassan waje suke aiki.

Hausawan Legas

Hausawa ba baƙin kasuwar Ikko ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa ta da Kano a wajajen 1912, shanu, fata da gyaɗa ke gangarowa, goro da atamfa da gishiri na haurawa. Zangon Agege a kan goro ya kafu. Tsarin kuwa na amana ne: falke ya sauka a gidan maigidansa, maigida ya ba shi masauki da dillali, ya tsaya masa a kan bashin da mahauta za su ɗauka, a cire la'ada idan an biya. Ba takarda, ba sa hannu. Wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa Kano. Rigima idan ta taso, gaban Sarkin Hausawa ake kai ta kafin a tuna da kotu.

Zamanin mai ya taɓa wannan tsari ta fuskoki da dama. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa dalar gyaɗar Kano, sai matasan karkara suka yi ta kwararowa kudu, suna gadi, dako, ga-ruwa da wankin takalmi a Obalende, Idi-Araba da Apapa. Sababbin tituna suka sa tirela ta ƙwace wa jirgin ƙasa kaya. Birni mai kuɗi kuma mai ci ne, don haka cinikin tumatir, albasa, tattasai da wake ya bunƙasa har Mile 12 ta zama matattararsa, raguna kuma suka samu kasuwarsu a Alaba Rago wajen ƙarshen shekarun 1970.

Manyan attajirai kuwa sun gane cewa riba ta bar huhun goro ta koma bakin tashar jirgin ruwa. Gidajen kasuwanci na Kano irin na Dantata da na Isyaku Rabi'u sun shiga kwangila, shigo da kaya da masana'antu. Aliko Dangote ya fara kasuwancinsa a wajajen 1977 da rance daga wani kawunsa na gidan Dantata, ya zauna a Legas yana cinikin siminti, daga baya shinkafa da sukari. Sana'ar canji ma a wannan zamani ta yi ƙarfi, saboda kuɗin waje sai da izinin Babban Banki ake samu, ga maniyyata aikin hajji da 'yan kasuwa masu buƙata. Kewayen otal ɗin Bristol da ke titin Martins ya yi suna da 'yan canji, kusan duka 'yan Arewa, masu lissafin dala da fam da riyal da ka.

Ƙarshen zangon

Farashin mai ya sake tashi a 1979 bayan juyin juya halin Iran, gwamnatin Shehu Shagari ta hau a kan wannan tudu, lasin shigo da shinkafa ya zama haja da kansa, ana sayar da shi hannu zuwa hannu tun kafin a ga buhu ɗaya. Daga 1981 kasuwar mai ta cika ta batse, kuɗin shiga suka zube. A Afrilu 1982 aka kafa dokar tsuke bakin aljihu, masana'antun da suka dogara da kayan waje suka fara sallamar ma'aikata. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira ya soke lasin shigo da kaya. An sassauta dokar mallakar kamfanoni a 1989, aka soke ta gaba ɗaya a 1995. Fadar gwamnati, wadda aka yanke shawarar ɗauke ta tun Fabrairu 1976, ta koma Abuja ranar 12 ga Disamba 1991. Tashoshin jiragen ruwa, hedikwatar yawancin bankuna da kasuwar hannun jari suka ci gaba da zama a Legas.