Kafin ku hau motar Kakum

Da an shiga Maris da Afrilu, ƙungiyoyin matasan unguwannin Nima da Mamobi na Accra, a Ghana, kan yi karo-karo su ɗauki shatar mota zuwa dajin Kakum, su yini can, su biya ta bakin teku su ci kifi. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a unguwa, kuma yawon nan yana burge ni. Sai dai ni nake karɓar masu riƙe da ciki ranar Litinin, shi ya sa zan yi magana.

Dajin kansa da sauƙi. Kafin a kai gadar igiyar nan da ke ratsa saman itatuwa sai an yi hawa, iskar kuwa ga ɗumi ga laima, gumi na zuba ba ya bushewa. Kada ku jira ƙishi. Ledar fiya wata rabin lita ce, kowa ya jefa huɗu ko biyar a jaka yana kurɓa. Ku sa kambas, domin ruwan farkon damina na sa saiwoyi santsi, silifas kuma ba ya riƙe ƙafa. Mai ciwon suga kada ya fita bai karya ba, ko koko da ƙosai ne, ya kuma riƙe alewa a aljihu.

Inda abin yake shi ne bayan an sauko. An gaji, yunwa ta ci, ƙamshin soyayyen kifi ya tare hanya a Cape Coast ko Elmina, ba mai duba komai. Na taɓa bin irin wannan tafiya, na ga mutum goma sha sun tsoma hannu cikin roba ɗaya ta wanke hannu. Kafin a zo kan na ƙarshe ruwan ya koma kamar tsari, shi ma ya tsoma, ya gutsiri dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Ku roƙi a zuba muku da buta, ku cuɗa da sabulu. Ɗan guntun sabulu ba ya cika jaka.

Dokunun da aka kwance daga ganyensa a gabanku, da kifin da aka tsamo daga mai yanzu, ba su cika ba da matsala ba. Ɗanyen barkono da aka niƙa tun safe, da latas da kabejin da ake zubawa kan wake da shinkafa, da kifin da ya yini a tire ƙudaje na biki, su nake tsoro. In ya huce, ku ce a mayar da shi wuta, kuɗinku ne. Ba mu manta kwalarar 2014 a Accra ba, kuma a ƙarshen 2024 ta sake bin garuruwan bakin teku. Ta ruwa da abinci da hannu take shiga, tana iya tsotse babban mutum cikin sa'o'i.

In zawo ya fara a hanya, kada a ce sai an isa gida. Shugaban tafiya ya taho da ORS, garin gishiri da sukari da ake haɗa wa mai zawo, a haɗa yadda aka rubuta a jikin ledar. In babu, a juye fiya wata biyu a gora mai tsabta, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai. In bayan gidan ya yi fari kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, direba ya nufi asibiti mafi kusa, ko a kira 112.