Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubuta bayanan majinyata

Manhajoji ne da ke sauraron hirar likita da majinyaci a ɗakin duba marasa lafiya, su mayar da ita rubutu, sannan su tsara bayanin da ake sakawa a fayil. Abin da suke fitarwa daftari ne kawai. Likita ne zai karanta, ya gyara, ya sa hannu, kuma duk kuskuren da ya sulale a wuyansa yake.

Asali

Yawan rubutu ne ya haife su. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya gano cewa duk awa ɗayan da likita ya yi da majinyata, sai ya yi kusan awa biyu a gaban kwamfuta da takardu, wasu ma su ƙarasa a gida da daddare. Da farko likita ne ke yi wa na'ura shifta bayan majinyaci ya fita. A 2020 kamfanin Nuance ya fito da DAX, mai sauraron hirar kanta tana gudana, kuma a 2021 Microsoft ya sanar da sayen kamfanin kan dala biliyan 19.7. Akwai kuma Abridge da Suki a Amurka, da Nabla na Faransa.

Yadda suke aiki

Likita zai nemi izinin majinyaci, ya ajiye waya a kan tebur, a ci gaba da magana. Manhajar tana rarrabe muryoyi, ta zubar da gaisuwa da tambayar iyali, ta jera sauran bisa tsarin nan mai kashi huɗu da ya samo asali daga aikin likitan Amurka Lawrence Weed a shekarun 1960: koken majinyaci, abin da aka gani da aka duba shi, abin da likita ke zato, da matakin da za a ɗauka. Abin da likita ya gani amma bai furta ba ba ya shiga, shi ya sa za ka ji likita yana danna ciki yana faɗa a fili cewa akwai zafi a ɓangaren dama.

Babban aibinsu shi ne ƙage. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa Whisper, manhajar kamfanin OpenAI mai mayar da magana rubutu da wasu kayan asibiti suka ginu a kanta, takan rubuta jimlolin da babu wanda ya faɗa. Irin wannan kuskure ya fi na magatakarda haɗari, don yakan fito tsaf cikin kyakkyawar jimla, gajiyayyen ido ya wuce shi.

A Saudiyya

Ƙasar ta riga ta share wa irin waɗannan manhajoji fage. An kafa hukumar SDAIA mai kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira a 2019, aka buɗe asibitin Seha na duba marasa lafiya daga nesa a Riyad a 2022. Takardun neman kuɗin inshora suna bi ta dandalin NPHIES, ana kuma bai wa cututtuka lambobi bisa ICD-10-AM, tsarin da aka aro daga Ostireliya, don haka bayani mai tsafta kuɗi ne ga asibiti. Dokar kare bayanan mutane, wadda ta fara aiki a Satumban 2023, ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su wajen ƙasar. Wannan ya shafi inda ake adana muryar da aka naɗa.

Batun harshe

Nan ne gizo ke saƙa. A asibitocin Saudiyya galibi da Larabci ake hira, amma da Turanci ake rubuta fayil, wato fassara manhajar ke yi, ba kwafa ba. Ga Hausawan Makka da Madina da Jidda, waɗanda tsofaffinsu ke cakuɗa Larabcin Hijaz da Hausa, da dubban alhazan Najeriya da Nijar da ke zuwa duk shekara, harsunan sun zama uku.

A ce wata hajiya ta zo da jikanta yana yi mata tafinta. Ta ce shawara ce ke damunta. Bahaushe ya san ciwon nan take nufi mai sa ido ya yi ɗorawa, na'ura kuwa tana iya ɗauka nasiha ta zo nema. Haka "daji" yake, ko jeji ko kansa. "Sanyi" da "basir" kuwa buhuna ne da ake zuba cututtuka iri-iri a ciki, sai an yi ta tambaya kafin a gane wanne ake nufi. Idan jikan ya ji kunya ya taƙaita maganar kakarsa, taƙaitawar ce za ta shiga fayil a matsayin kokenta.

Hausa tana cikin harsuna kusan 100 da Whisper ya lissafa, sai dai muryoyin Hausa da aka horar da shi da su kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na Turanci. Ga kuma karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa: "fari" na iya zama launin fata, ko rashin ruwan sama, ko haihuwar farko da likitan mata ke tambaya a kai.